Tsaunin Everest: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk watan Mayu sai labari iri ɗaya ya iso teburina a gidan rediyo: wane ya taka ƙololuwar tsaunin Everest, wance ta kafa tarihi. Na sha karanta shi da murya mai zaƙi, har in ƙara da jinjina. Yau kunyar wannan jinjinar nake ji, domin rabin labari na riƙa ba masu sauraro.

Tsayin Everest mita 8,849 ne. Da zarar mutum ya haura mita 8,000, iskar da ke shiga ƙirjinsa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wadda ake shaƙa a bakin teku ba. Masu hawan da kansu suna kiran wurin yankin mutuwa. Ruwa kan taru a huhu, ƙwaƙwalwa ta kumbura, yatsu su daskare har sai an yanke su. Sama da mutum 300 sun mutu a tsaunin, kuma gawarwaki da dama suna can cikin ƙanƙara, don sauko da gawa ɗaya kan iya jawo asarar wani ran.

Mai kuɗin da ya zaɓi wannan kasada, ruwansa. Rigimata tana kan wanda yake shimfiɗa masa hanya. 'Yan ƙabilar Sherpa da sauran talakawan Nepal ne ke ɗaura igiyoyi, su gitta tsani a kan ramukan ƙanƙarar Khumbu, su yi dakon tukwanen iska da tantuna da abinci. Inda baƙo zai ratsa sau ƙalilan yana addu'a, su sai sun yi ta kai da kawowa da kaya a baya. A ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta rufto a wannan wurin ta kashe ma'aikata 16, dukansu 'yan Nepal. Wa ya riƙe sunan ko da mutum ɗaya daga cikinsu?

A watan Yulin 2023, a tsaunin K2 na Pakistan, wani ɗan dako mai suna Muhammad Hassan ya faɗi a wata siririyar hanya kusa da ƙololuwa. Wasu sun tsaya sun yi ƙoƙarin taimakonsa, amma hoton bidiyo ya nuna jerin mutane suna tsallake shi suna ci gaba da hawa. A nan ya cika, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana.

Za a ce ai ba wanda ya tilasta musu, kuma da wannan aikin suke ciyar da iyali. Haka ne. To amma yunwa ma tilas ce. Gwamnatin Nepal ta daɗe tana karɓar dala 11,000 a kan kowace takardar izinin hawa, daga baya ta mayar da kuɗin 15,000. Wanda ya iya biyan wannan ba zai kasa biyan inshora mai ƙwari da kayan sanyi na kirki ga wanda ke ɗaukar masa numfashi a kafaɗa ba. A rage yawan izini, a hana wanda bai ƙware ba, a wajabta juyowa domin ceton rai.

Mu kuma 'yan jarida mu gyara bakinmu. Ni dai na yi wa kaina alkawari: ba zan sake karanta sunan wanda ya ɗaga tuta a ƙololuwa ba sai na faɗi wanda ya ɗaura masa igiya, da wanda bai koma gida ba.