RA'AYI: Alƙawarin NATO Ga Yukren Da Abin Da Ya Faru A Ƙasar Mubi

A watan Afrilun 2008 shugabannin ƙasashen ƙawancen tsaro na NATO suka yi taro a Bukarest, babban birnin Romaniya, suka rubuta a sanarwar bayan taro cewa Yukren da Jojiya za su zama mambobin ƙungiyar. Ba su sa rana ba. Shirin share fagen shiga da ƙasashen biyu suka je nema ma ba su samu ba, domin Jamus da Faransa sun tsaya kai da fata cewa lokaci bai yi ba, duk da goyon bayan da Shugaban Amurka na wancan zamani, George W. Bush, ya bayar. Bayan wata huɗu, a Agusta, sojojin Rasha suka kutsa Jojiya. A Maris na 2014 Rasha ta haɗiye yankin Kirimiya, sannan a ranar 24 ga Fabrairun 2022 ta afka wa Yukren da yaƙi gadan-gadan. A duka lokutan uku babu bataliya ɗaya ta NATO da ta shiga fagen daga, kuma babu mai cewa ƙungiyar ta karya dokarta, tunda ba mamba aka taɓa ba.

Abin da aka ba Yukren a Bukarest ya isa ya harzuƙa maƙwabciyarta, amma bai isa ya kare ta ba. Ba shi ne karon farko da ta karɓi takarda ta koma gida ba. A Disambar 1994, a birnin Budapest, ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyat, waɗanda a lokacin su ne na uku a yawa a duniya, su kuma Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. Ɗaya daga cikin masu sa hannun ce ta keta iyakar. Sauran biyun suka nuna cewa takardar ba ta ɗora musu wajibcin shiga yaƙi ba, kuma gaskiyarsu, haka aka rubuta ta. Yukren ta sa burin shiga NATO a kundin tsarin mulkinta a 2019, ta miƙa buƙatar gaggawa ranar 30 ga Satumbar 2022, a taron Washington na 2024 aka ce mata hanyarta ta shiga ba ta da komowa. Ranar ce dai har yanzu ba a faɗa ba.

Sauran ƙasashen da suka fito daga tsarin gurguzu sun dace da lokaci. Polan da Hungari da Jamhuriyar Cek sun shiga a 1999, Estoniya da Latbiya da Lituwaniya a 2004, sa'ad da Rasha ba ta da ƙarfin hana su. Finlan, wadda ba ta taɓa bin gurguzu ba, ta nema a Mayun 2022 ta shiga a Afrilun 2023. Dukansu an karɓe su ne kafin gobara ta kama gidansu. Ƙungiya ce mai ƙasashe 32 da sai kowacce ta yarda kafin a buɗe ƙofa, kuma ba a ga alamar za su haɗa baki su ɗauko ƙasar da ke tsakiyar yaƙi da mai makaman nukiliya ba. Sashe na 5 da ake ta ambato, wanda ya ce an taɓa ɗaya an taɓa duka, ya bar wa kowace mamba ta ɗauki matakin da ta ga ya dace, kuma sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi: bayan harin 11 ga Satumbar 2001, domin Amurka.

Wannan ba wanke Rasha ba ne. Ƙasa mai cin gashin kanta tana da ikon zaɓen abokan ƙawancenta, kuma Najeriya ta yi daidai da ta bi sahun ƙasashe 141 da suka yi tir da mamayar a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Maris 2022. Ba kuma za a ce Turai da Amurka sun naɗe hannu ba, domin makamai da kuɗin da suka zuba suna cikin abin da ya hana birnin Kiyef faɗuwa. Sai dai masu mutuwa a ramukan daga 'yan Yukren ne.

Ma'aikacin da ke zaune a Ship House, hedikwatar Ma'aikatar Tsaro, ko a Gidan Tafawa Balewa na Ma'aikatar Harkokin Waje, ko hadimin ɗan majalisa mai shirya wa maigidansa bayani kafin zaman kwamiti, ba sai ya je Gabashin Turai kafin ya ga irin wannan ba. Akwai misalinsa a arewacin Jihar Adamawa, a ƙasar Mubi, inda Betso take, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, daura da duwatsun Mandara da iyakar Kamaru.

Mutanen wannan yanki sun san zaɓen inuwar da za a fake, domin sun taɓa yin sa da ƙuri'a. Ƙasarsu tana cikin mulkin Jamus har Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga nan ta koma riƙon amana a hannun Birtaniya da sunan Arewacin Kamaru. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwambar 1959 suka ce a dakata tukuna. A ta Fabrairun 1961 kusan kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Najeriya, aka kuma sa rana, 1 ga Yunin 1961, suka shigo, aka ba su lardi na kansu da hedikwata a Mubi, wanda aka sa wa suna Lardin Sardauna. Ba kamar sauran sassan ƙasar da taswirar Turawa ta haɗa ba, su da ƙafarsu suka zo. Hakkin tsaronsu da ke wuyan Gwamnatin Tarayya ya fi ƙarfin kowane sashe na kowace yarjejeniyar ƙawance.

An gwada wannan hakki a 2014. Ranar 17 ga Oktoba Babban Hafsan Tsaro, Alex Badeh, ya sanar da cewa an cimma tsagaita wuta da Boko Haram. Kwana goma sha biyu bayan nan, ranar 29 ga wata, Mubi ta faɗa hannun mayaƙan, gari na biyu a girma a jihar, mai jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da kasuwar shanun da ake ji da ita har ƙetare. Suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Vimtim, mahaifar shi kansa Badeh, wadda ƙaramar hukuma ɗaya suke da Betso, ita ma ba ta tsira ba. Jama'a suka fantsama, wasu suka nufi Yola a ƙafa, wasu suka haura duwatsu suka faɗa Kamaru.

A wannan shekarar ce Najeriya ta ɗanɗana iyakar abota da manyan ƙasashe. Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilu, Amurka da Birtaniya da Faransa sun aiko da masu ba da shawara da jiragen leƙen asiri. Amma da aka zo kan jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra da Najeriya ta nemi saya daga Isra'ila, Amurka ta hana, tana kafa hujja da zargin take hakkin ɗan Adam da ake yi wa sojoji. A Nuwamba, daidai lokacin da Mubi ke hannun abokan gaba, jakadan Najeriya a Washington, Adebowale Adefuye, ya fito fili yana kokawa da wannan ƙi. Zargin ba ƙage ba ne gaba ɗayansa, kuma ƙasar da ba ta hukunta masu laifi a cikin dakarunta ita ke miƙa wa wasu sandar da za su doke ta. Amma wannan muhawara ba ta amfani wanda ke kwana a kan dutse da komai ba. Jiragen Super Tucano goma sha biyu da aka biya kusan dala miliyan 500 dominsu a 2018 sai a 2021 suka fara isowa.

Waɗanda suka ƙwato Mubi a tsakiyar Nuwambar 2014 maharba ne da 'yan sa-kai da sojojin Najeriya. Waɗanda suka buɗe wa masu gudu hanya mutanen Kamaru ne, inda sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo ya riga ya fara karɓar 'yan Najeriya tun 2013. A farkon 2015 kuma dakarun Chadi ne suka shiga Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka shiga Damasak. Maƙwabtan ba don Allah kawai suka zo ba. Wutar ce ta fara lasar danninsu. Wannan kuwa shi ne abin da ya sa ake iya dogara da zuwansu fiye da na wanda teku ta raba shi da matsalar.

Daga nan aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, MNJTF, da hedikwata a Njamena da shiyyoyi huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya da Diffa a Nijar. Shugaba Muhammadu Buhari ya yi mata alƙawarin dala miliyan 100 a Yunin 2015, kuma hafsan Najeriya ne ke jagorantarta. Wannan ita ce ƙawancen sojan da ya shafi manomin Betso kai tsaye, kuma ita ce ke tangal-tangal. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka rufe iyaka. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, amma zumunci ya riga ya yi rauni. A Nuwambar 2024 Shugaba Mahamat Déby ya yi barazanar janye Chadi bayan an kashe masa sojoji kusan 40 a Barkaram, yana ƙorafin an bar ƙasarsa ita kaɗai da nauyin. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta.

Duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare, muryoyi biyu ke tashi a Abuja. Masu cewa a jingina da Amurka da Faransa, har a ba su masauki bayan an sallame su daga Nijar, da masu cewa a bi sahun Mali da Burkina Faso a koma ga Rasha. Muhawarar farko tsohuwa ce. Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya a 1960, ɗaliban Ibadan suka yi tattaki har majalisa a Legas, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta soke ta a Janairun 1962. A Mayun 2024 ma wasu malaman jami'a da 'yan gwagwarmaya na Arewa sun rubuta wa Shugaba Bola Tinubu buɗaɗɗiyar wasiƙa kan batun sansanonin ƙetare, Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris ya ce babu wannan magana. Masu kallon Moscow kuwa su tambayi Armeniya, cikakkiyar mamba a ƙawancen tsaron da Rasha ke jagoranta, wadda ta nemi ɗauki a Satumbar 2022 lokacin da ta gwabza da Azarbaijan, ba a aiko mata da dakaru ba, har ta dakatar da shiga harkokin ƙungiyar a 2024.

Najeriya na buƙatar makamai da horo da bayanan sirri daga waje, kuma babu abin kunya a neman su daga duk mai sayarwa bisa sharuɗɗan da aka fahimta. Haɗarin yana wajen ɗaukar irin wannan hulɗa a matsayin garkuwa, a saki jiki. Duk takardar fahimtar juna kan tsaro da ta zo teburin darakta ko babban sakatare, ya kamata a nemo layin da ya faɗi wanda zai zo, da abin da zai zo da shi, da cikin kwana nawa, da abin da Najeriya za ta biya ko ta sadaukar. Idan babu wannan layi, a rubuta wa minista ƙarara cewa babu shi, ko da bikin sa hannun zai rage armashi. Yukren ta rabu da makamanta ne a kan takardar da ba ta da wannan layin. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta da ƙarfin doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, don haka kwamitocin tsaro da na harkokin waje suna da hurumin cewa a kawo musu su gani, ba su tsinci labari a jarida ba.

Aikin da ya fi gaggawa ba shi da ƙyalli, kuma babu tafiya Brussels ko Washington a cikinsa. A saki kuɗin rundunar Tafkin Chadi a kan kari. A ci gaba da buga ƙofar Yamai ko da ba a amsa a karon farko ba, domin iyakar da ta haura kilomita 1,500 ba ta tsaruwa daga ɓangare ɗaya. Kwamitin tsaron kan iyaka da Najeriya da Kamaru suka kafa a 2012 ya riƙa zama a kai a kai, a kuma sa sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomin bakin iyaka a ciki, tunda su ke fara jin motsi. A kan taswira, Mokolo ta fi Yola kusa da Betso, ballantana Abuja, kuma a Oktoban 2014 ta wannan ɓangaren mutane da yawa suka sami mafita.