Ilmin Injiniya Ba Ya Cika Sai Da Sanin Jama'a

Akwai wasu malamai da manyan ma'aikata da suke ganin ɓata lokaci ne a koya wa ɗalibin injiniya tarihin jama'arsa, da al'adar mallakar gona, da yadda ake rubuta rahoto ko yi wa taron dattawa bayani. A cewarsu, lissafi da zane da awon ƙarfe sun ishe shi. Wannan ra'ayi kuskure ne babba, kuma talakawa ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

Wanda yake musu, to, ya tuna da Bakolori. A 1978 aka kammala wannan madatsa a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, wadda a yau take cikin Jihar Zamfara. Ta fuskar gini, bango ya tsaya, ruwa ya taru. Amma an tashi dubban mutane daga garuruwan kakanninsu. An hana manoma taɓa gonakinsu damina bayan damina ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, diyya kuwa ta zama abin rigima. Mutanen fadamar da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar kowace shekara take shayar musu da shinkafa, suka wayi gari ruwa ya janye, kifi ya yi ƙaranci. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka aika musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jinin bayin Allah.

Za a ce wannan laifin mahukunta ne da 'yan kwangilar ƙasashen waje. Lalle suna da kaso mai tsoka. To, amma wa yake auna fili? Wa yake zana inda ruwa zai bi? Injiniya ne. In an horar da shi ya tambayi mai gona kafin ya kafa turken awo, in kuma yana da bakin da zai fahimtar da minista haɗarin da ya hango, da yawa daga irin wannan ɓarna ba za ta auku ba.

Haka madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Ta raya noman rani a Kadawa, wannan ba a musunsa, amma ta rage ruwan da ke malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya suke samun abincinsu.

Saboda haka ya wajaba Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da sana'ar injiniya, su daina ɗaukar waɗannan darussa tamkar cikon benci. A koyar da su sosai, a yi jarrabawarsu da gaske, wanda ya faɗi kada ya wuce. Shirin SIWES na koyon aiki, da aka soma a 1973, a faɗaɗa shi yadda ɗalibi zai zauna a ƙauyen da aikinsa zai shafa, ya ji koken mutane da harshensu, ya rubuta abin da ya ji.

Dukiyar talaka ce take ilmantar da injiniya. Abin kunya ne ƙwarai a ba shi takardar digiri alhali bai san yadda zai yi wa wannan talaka sallama ba. Hukumomi su farga tun kafin a sake wani Bakolori.