Darasin Akanta ba dodo ba ne, mu ne muka mai da shi haka

Idan aka kafe sakamakon jarrabawar zangon farko a jami'o'inmu, akwai kwas ɗin da ɗaliban ajin farko ke dubawa gabansu yana faɗuwa, wato darasin share fage na Akanta da ake kira ACC 101. Ba masu son zama akantoci kaɗai ya wajaba a kansu ba. Masu karantar harkar kasuwanci da aikin banki, su ma sai sun bi ta wannan ƙofa. Da yawansu kuwa kallon shingen ƙaya suke yi masa: a lallaɓa a tsallake da ɗan makin da zai fitar da mutum, daga nan a manta.

A ganina wannan ɗabi'a asara ce, domin cikin kwasa-kwasan ajin farko da wuya a samu wanda zai bi ɗalibi har kasuwa da ofis da cikin gidansa kamar wannan.

Tsoron yakan fara ne tun kafin a shiga aji. 'Yan gaba sun riga sun tsorata sabon ɗalibi cewa kwas ɗin lissafi ne zalla, alhali lissafin da ke cikinsa bai wuce tarawa da ɗebewa da ɗan kaso cikin ɗari ba. Sannan ajin kansa haɗin gambiza ne. Wasu sun yi Akanta a sakandare har sun rubuta shi a WAEC ko NECO, wasu kuma ba su taɓa ganin littafin shige da ficen kuɗi ba. Idan malami ya bi saurin 'yan kashin farko, kafin mako na huɗu an bar sauran a baya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kalmomi biyu, debit da kiredit. Duk mai asusun banki ya san alat ɗin kiredit na nufin kuɗi sun shigo. Sai ya zo aji a ce masa kuɗin da suka shigo hannun ɗan kasuwa a ɓangaren debit ake rubuta su. Nan kai yake ɗaurewa. Bayanin kuwa mai sauƙi ne: banki daga littafinsa yake yi maka magana, kuma kuɗin da ka ajiye a wurinsa bashi ne kake bin sa. Kai kuma a naka littafin dukiya ce ta ƙaru. Mintuna biyar sun isa a warware wannan. Idan ba a warware ba, ɗalibi sai ya koma hadda, ya haddace fasalin teburi, ranar jarrabawa a ɗan sauya tambaya ya rasa inda zai kama.

Ga misalin abin da kwas ɗin yake son koyarwa. A ce ɗaliba tana da jarin naira 200,000, ta saro atamfofi na 150,000 a Kantin Kwari, ta sayar da su duka a kan 190,000, amma 80,000 daga ciki bashi ne. Ta ci ribar 40,000, sai dai kuɗin da ke hannunta 160,000 ne, ƙasa da abin da ta fara da shi. Idan ta ɗauki waccan riba ta yi anko, ta fara cin uwar kuɗi ba ta sani ba. Bambancin riba da kuɗin hannu ya durƙusar da masu ƙananan sana'o'i da yawa, daga mai shagon unguwa har mai POS, kuma shi ne darasin da ake gudu.

Ilimin nan ba baƙonmu ba ne. Tsarin rubuta kowace mu'amala a ɓangare biyu, wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana shi a littafi a 1494, daga abin da 'yan kasuwar zamaninsa suke yi. Tun kafin nan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi. Ɗan kasuwar da zai fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in, sai ya ƙiyasta kayan da ke shago, ya haɗa da kuɗin hannu, ya san wanda yake bi da wanda ke bin sa. Wannan kuwa shi ne ƙashin bayan ACC 101.

Malamai suna da nasu kason na gyara. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Babu abin da zai hana a tura ɗalibai su tsara wa mai shayi ko tela ko uwar adashi littafinta na wata guda, a ba su maki a kai. Haka nan a ware wa waɗanda ba su yi Akanta a sakandare ba wasu sa'o'i na musamman a makonnin farko.

Ku kuma ɗalibai, ku sani wannan darasi gini ne, bulo a kan bulo. Wanda ya tsallake mako biyu na farko ba zai kamo ba a daren jarrabawa. Ba a koyonsa da kallon amsar wani, sai an zauna da biro an yi, an ɓata, an sake. Ku fara da aljihunku: ku rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita na wata ɗaya, har kuɗin data da na adaidaita.

Ba kowa ne zai rubuta jarrabawar ICAN ko ANAN ba. Amma kusan kowa wata rana za a damƙa masa kuɗin wani, na ofis ko na masallaci ko na marayu, kuma za a tambaye shi yadda ya yi da su. Ranar nan, makin da aka lallaɓa aka samu ba zai yi masa amfani ba.