GIRKIN ZAMANIN YAƘI: Fai Ɗin Woolton, Abincin Da Babu Nama A Cikinsa

A cikin tsofaffin littattafan girki na ƙasar Ingila akwai wani abinci da ake kira fai ɗin Woolton, wanda ba a sa masa ko tsoka ɗaya ta nama. Tun da tsadar nama ta zama abin kuka a gidaje da yawa, ya kamata uwargida ta san asalin wannan girki, da yadda ake yinsa, da kuma dalilin da ya sa masu shi suka yi watsi da shi da zarar sun sami sauƙi.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, fiye da rabin abincin mutanen Birtaniya daga ƙasashen waje ake kawo shi ta teku. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, sai jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka shiga nutsar da jiragen kaya. Saboda haka ran 8 ga Janairu, 1940, gwamnati ta fara ƙayyade abinci, kowa da littafinsa na rabo. Aka fara da sukari da bota da naman alade, a watan Maris sauran nama ya biyo baya, a watan Yuli kuma ganyen shayi. An kai lokacin da rabon babban mutum a mako bai wuce sukari oza 8 ba, da ganyen shayi oza 2, da nama na sule 1 da kwabo 2. Majarin ma da awo ake ba da shi, kuma gyaɗar da ake lodi daga Kano tana cikin abin da ake yinsa da shi. Kayan lambu kuwa ba a ƙayyade su ba, sai ma kira da aka yi wa jama'a su mai da filayen wasa da farfajiyar gidaje gonaki.

A watan Afrilu na 1940 aka naɗa Lord Woolton Ministan Abinci. Shi dai ɗan kasuwa ne, wanda ya shugabanci manyan kantunan Lewis's na birnin Libaful, ya kuwa san cewa doka kaɗai ba ta sa mutum ya so abin da ke cikin kwanonsa. Shugaban masu dafa abinci na otal ɗin Savoy da ke Landan, wato François Latry, shi ne ya tsara wannan girki, aka laƙaba masa sunan Minista, jaridar The Times kuma ta buga yadda ake yinsa a watan Afrilu na 1941. Daga baya Marguerite Patten, wadda ta yi wa Ma'aikatar Abinci aikin koyar da girki a lokacin yaƙin, ta sake fito da irin waɗannan girke-girke a littafinta mai suna We'll Eat Again a 1985.

Kayan haɗin ba su da yawa. Ana bukatar laba 1, watau kimanin giram 450, na kowane ɗaya daga cikin abubuwa 4: dankalin Turawa, da karas, da farin kabeji, da wata saiwa mai launin rawaya da Turawa ke kira suwid. Sai albasa mai lawashi 3 ko 4, da ƙaramin cokali 1 na wani ɗanɗano mai kauri da ake tatsowa daga kayan lambu, da babban cokali 1 na garin ots, hatsin nan da ake dama kunun Quaker da shi, da ɗan ganyen fasili. Wannan zai ƙosar da mutum 4 ko 5.

A wanke kayan, a yanka su ƙanana daidai da juna, a zuba a tukunya tare da ɗanɗanon da garin ots, a sa ruwa iyakar wanda zai rufe su kawai. A dafa na minti 10 ana juyawa, domin ots yana saurin kama gindin tukunya. A sauke, a bari ya huce sosai, sannan a juye a kwanon gashi mai zurfi, a barbaɗa fasili. Murfinsa kuwa kwaɓin fulawa ne da dankali: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na dafaffen dankali da aka dame, babban cokali 4 na majarin, gishiri, da ƙaramin cokali 2 na hodar tashi. A murza, a shimfiɗa a kan kwanon, a huda tsakiya don tururi ya sami hanya, a gasa a tanderu mai matsakaicin zafi kamar rabin sa'a, har ya yi ja. Ana cinsa da zafi tare da romo mai kauri.

Kowane mataki a nan yana da hikimarsa. Ruwa kaɗan ake sawa don kada a zubar da shi, gama amfanin ganye da zaƙinsa suna cikinsa. Ots shi ke ɗaure ruwan ya zama miya, ba tare da an taɓa rabon mai ba. Dankalin da ke cikin kwaɓin yana rage fulawa da majarin, ya kuma hana murfin taurin da ƙarancin mai ke jawowa. Hucewar ma dole ce, don in aka rufe kayan da zafinsu, man zai narke tun kafin a kai tanderu, murfin ya jiƙe.

To, amma fa duk wanda ya bi tsohon tsarin nan sau da ƙafa zai tarar da abinci salam, kamar na majiyyaci. Dalili kuwa a fili yake. Ba a soya komai a cikinsa ba, albasa kuma 'yar kaɗan ce, domin a 1941 ta yi wuya ƙwarai bayan Jamus ta mamaye Faransa da tsibiran da ake kawo ta daga can, har takan zama kyautar wanda ya ci gasa. Mutanen Ingila sun ci fai ɗin ne bisa karin maganar nan ta da babu gara ba daɗi. Ko da yake masana sun tabbatar lafiyar jama'a, musamman ta talakawa da yara, ta inganta a shekarun rabon, da aka kammala janye ƙayyade abinci a Yulin 1954 sai girkin ya ɓace daga gidaje, ya saura a littattafai da bukukuwan tunawa da yaƙi.

Uwargidan yau ba ta cikin wannan ƙunci na albasa, don haka gyaran mai sauƙi ne. Ta soya manyan albasa 2 da cokali 2 na man gyaɗa a wuta kaɗan har su yi ja, kana ta zuba sauran kayan. Dunƙulen magi ko ɗan daddawa zai tsaya a madadin ɗanɗanon, attaruhu da tafarnuwa su tashi ƙamshi. Inda babu suwid, kabewa ko dankalin Hausa za su ba da irin zaƙinsa. Inda farin kabeji ya yi tsada, kabeji ya isa, sai dai a sa shi daga baya don kada ya narke. Wannan bai saɓa wa asali ba, domin tun farko an tsara girkin ne yadda za a riƙa sauya kayan gwargwadon abin da lokaci ya kawo kasuwa. Idan kuma aka ƙara kofi 1 na dafaffen wake, an cike babban giɓinsa, wato rashin abin gina jiki.

Abin lura dai shi ne, tsimin da iyali ba sa jin daɗinsa ba ya wuce ranar da tilas ta kau. Kuɗin da aka rage na nama, a ware kaɗan daga ciki a sayi albasa da kayan yaji, sai maigida da yara su nemi ƙari da kansu.