Waɗanda suka taka wata sun dawo da begen ƙasa

Duk ranar 29 ga Sha'aban, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Jabo, daga Kebbe zuwa Kuchi, jama'a kan fita bayan gari su zuba wa yamma ido, wanda ya ga jinjirin wata ya garzaya wurin hakimi, shi kuma ya isar da labari fadar Sarkin Musulmi. Da wata muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiyewa. Amma da zarar an ce ɗan Adam ya taɓa taka shi, sai gardama ta kaure a majalisa. Wasu su ce ƙaryar Turawa ce, wasu su ce ai wanda ya fara zuwa ya ji kiran salla a can ya musulunta. Maganganun biyu duk ba su da tushe, kuma suna toshe wa yaranmu kunne daga abin da zai amfane su.

Ranar 20 ga Yuli, 1969, lokacin da Nijeriya ke tsakiyar yaƙin basasa, Neil Armstrong da Buzz Aldrin na Amurka suka sauka a kan wata, bayan tafiyar kilomita kusan 384,000. Daga nan zuwa Disamba 1972, mutum 12 ne suka taka shi, suka kwaso kilo 382 na duwatsu da ƙasa. Tarayyar Sobiyet, wadda ke tsere da Amurka a lokacin, kuma take da na'urorin bin sawun kumbo, ba ta taɓa ƙaryata su ba. Labarin kiran salla kuwa, Armstrong da kansa ya musanta shi, har gwamnatin Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta takarda a kai a 1983. Inda babu iska ma sauti ba ya tafiya. Addinin gaskiya ba ya buƙatar a tallafe shi da ƙarya.

Abin da mutanen nan suka faɗa da bakinsu ya ishi mai hankali wa'azi. Sun tarar da sama baƙa ƙirin alhali rana na haskawa, ba gajimare, ba tsuntsu, ba ganye ko ɗaya. Nauyin mutum ya koma kashi ɗaya cikin shida, don haka tafiya ta yi wuya, sai suka riƙa tsalle-tsalle. Ƙurar wurin toka-toka ce, mai kaifi, tana manne wa tufafi tana ƙin fita. Da suka koma cikin kumbo suka cire hular da ke rufe musu kai, sai suka ji tana wari irin na albarushin da aka harba, warin da duk maharbin dajin Kebbe ya sani. Harrison Schmitt, masanin duwatsun da ya je a 1972, har atishawa ya dinga yi, idanunsa suka yi ja. Sawun takalmansu na nan har gobe, domin babu iskar da za ta share shi.

Sai dai duk da wannan, abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne duniyar da suka baro. Armstrong ya ba da labarin yadda ya ɗaga babban yatsansa ya rufe ta baki ɗaya, ya ce a lokacin ƙanƙantar kansa ya ji. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, Musulmi na farko da ya fita sararin samaniya a 1985, bai kai wata ba, amma ya ce a kwanakin farko kowa ƙasarsa yake nunawa, daga baya nahiyarsa, a ƙarshe duniya ɗaya tak suke gani. An kashe dukiya mai yawa an je an dawo, aka tabbatar da cewa ruwa da iska da inuwar itace a nan gidanmu suke.

Wannan darasi namu ne kai tsaye. Mu da ke sare itatuwa muna loda buhunan gawayi a motoci, muna kallon gonaki na tsufa, damina na zuwa da ambaliya, makiyayi da manomi na zubar da jini kan burtali, mun fi kowa buƙatar jin shaidar mutumin da ya tsaya a inda babu ko ɗigon ruwan sha.

Kuma kada wani ya ce wannan ilmi baƙo ne a wurinmu. A farkon shekarun 1960, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, wadda ta yi aiki lokacin da ɗan sama-jannatinta John Glenn ya kewaya duniya a 1962. Kakanninmu ma da Kaza da 'Ya'yanta da sauran taurari suke gane lokacin shuka.

Kirana ga malaman kimiyya na sakandarorin Tambuwal da Kebbe shi ne su koyar da wannan labari yadda ya faru, da sunaye da shekaru da hujjoji. Malamanmu na zaure kuma su taimaka a daina yaɗa ƙagaggen labarin Armstrong. Ƙananan hukumomin biyu su sayo madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne, a riƙa zagayawa da shi makarantu. Yaron da ya ga ramuka da tsaunukan wata da idonsa zai fara tambaya, kuma daga masu tambaya ake samun masana.