Sunkuyon nan ya isa haka!

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu.

Ranar da na zo fara digirina na biyu, nasihar farko da wani yayanmu ya yi min da Turanci ce: ka zauna "under the radar". Wato ka sunkuyar da kai, kada ido ya faɗo kanka. Na karɓa hannu biyu. Duk wanda ya tuna rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021 ya san tsoron iyayenmu ba a banza yake ba.

Amma fa maganar nan ba fuska ɗaya gare ta ba. Asalinta daga matuƙan jiragen yaƙi ne, masu yin ƙasa-ƙasa don tuddai da lanƙwasar doron ƙasa su kare su daga na'urar da ke hango jirage. Wannan dabara ce. Bature kuma yana faɗinta ga mai aikata ba daidai ba a ɓoye. Yana kuma faɗinta ga mai hazaƙar da ba wanda ya lura da shi. Mu ta farko muke nufi, amma wallahi ta ukun ce ke cin mu, wani lokacin ma a yi mana kallon ta biyu.

Ni shaida ne. Wata huɗu babin farko na bincikena yana kan teburin malamin da ke duba ni. Ban leƙa ba, wai kada na takura masa. Da na je, sai da ya tambaye ni sunana! Abokan karatuna da ke sintiri ofishinsa har sun gabatar da nasu. Laifin wa? Nawa ne.

Haka muke a zaɓen ƙungiyar ɗalibai: ba mu takara, ba mu ƙuri'a. Sai an sa jarrabawa lokacin sallar Juma'a mu koma masallaci muna gunaguni. Wa ya wakilce mu a inda aka tsara jadawalin?

Za a ce min zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Na yarda. Sai dai ko matuƙin jirgin ba ya dawwama a ƙasa-ƙasa: mai ya fi saurin ƙonewa, tudu kuma na jiransa. Yana wuce haɗarin yake ɗagawa sama.

Ban ce a yi rigima ba. Ka ɗaga hannu a aji. Ki ƙwanƙwasa ofishin malaminki. Mu sayi fom ɗin takara. Kunya daban, ɓacewa daban.

Allah ya ba mu sa'a.