Raddi ga Masu Cewa Ba a Cika da Ruhu Sai da Harsuna

Akwai koyarwar da ta yaɗu a majami'u da yawa, cewa duk wanda aka yi wa baftisma da Ruhu Mai Tsarki dole ya yi magana da waɗansu harsuna, in kuwa bai yi ba, to da sauransa. Asalinta ba nisa. Charles Parham ne ya tsara ta a makarantarsa ta Topeka, a jihar Kansas ta Amurka, a 1901, farkawar titin Azusa ta 1906 kuma ta baza ta duniya. Sabunta ba ya rushe ta, amma yana ɗora wa masu ita nauyin kawo hujja.

Babbar madogararsu ita ce Ayyukan Manzanni. Sun ce an yi harsuna ranar Fentikos, an yi a gidan Karniliyas, an yi a Afisa. Gaskiya ne, sau uku ke nan. Amma littafin nan ya ba da labarin Samariyawa da suka karɓi Ruhu ba tare da ambaton harsuna ba, haka ma ranar da Hananiya ya ɗora wa Shawulu hannu. Mutum dubu uku da suka tuba ranar Fentikos, ba a ce ko ɗayansu ya yi ba. Luka yana ba da labarin abin da ya faru ne, bai kafa doka ba. Wanda zai mai da labari doka kuwa, sai ya nemi iska mai ƙarfi da harsunan wuta a kowane taro, tunda su ma sun auku ranar Fentikos.

Inda aka yi koyarwa a kan baye-baye kai tsaye, maganar ta juya musu baya. A 1 Korintiyawa 12 Bulus ya lissafa baiwa tara, ya ce Ruhu ne yake rarrabawa yadda ya ga dama. A aya ta 13 ya ce dukansu an yi musu baftisma da Ruhu ɗaya, sa'an nan a aya ta 30 ya tambaya ko duka ne suke magana da harsuna. A Helenanci tambayar ta fara da ƙaramar kalmar da ake sawa idan amsar da ake jira a'a ce. Ga jama'a guda, dukansu da Ruhu, ba dukansu da harsuna ba. Lissafin Romawa 12 ma bai ambaci harsuna ba sam, ya kawo annabci da hidima da koyarwa da gargaɗi da bayarwa da shugabanci da jinƙai. Kalmar da aka fassara baiwa daga tushen alheri take, abin da aka ba ka kyauta kuwa ba ya zama ma'aunin matsayinka.

Za su ce harsunan iri biyu ne, na shaida ga kowa, da na baiwa ga waɗansu. Wannan rabon ba ya cikin nassi, an ƙirƙiro shi ne don a tsallake aya ta 30. Ko a cikin masu wannan koyarwa an ga haka, domin F. F. Bosworth ya bar majami'ar Assemblies of God a 1918 a kan wannan batu, alhali shi kansa yana magana da harsuna. Za su kuma ce ai Bulus ya yi fatan kowa ya yi harsuna. Haka ne, a 1 Korintiyawa 7 ma ya yi fatan kowa ya zauna ba aure kamarsa, ba wanda ya mai da wannan farilla. Markus 16:17-18 kuwa yana cikin ayoyin da babu su a tsofaffin kwafin Sinaitikus da Batikanus, kuma ya haɗa harsuna da ɗaukar macizai, wanda ban ga ana gwada kowa da shi ba.

Kada a ɗauka ina musun baiwar. Bulus ya ce ya fi Korintiyawa duka yin harsuna, ya kuma hana a hana. Sharaɗin da ya sa shi ne, a cikin taro mutum biyu ko uku, bi da bi, da mai fassara, in babu mai fassara a yi shiru.